IDAN ASIRANSIN MOTA YA MUTU BA DA SANIN MAI ITA BA

A kan kowace mota da ke bin hanyoyin ƙasarmu, daga Yamai har Diffa, doka ta ce a liƙa wata ƴar takarda a jiki, kuma galibi a gilashin gaba ake liƙa ta. A kan takardar akwai ranaku biyu: ranar da asiransi ya soma aiki da ranar da zai ƙare. Mai mota yana zama a bayanta safe da yamma, tsakaninta da idonsa bai kai kamu biyu ba, amma sau da yawa shi ne na ƙarshe da zai karanta ta. Jandarma ne ke karanta masa a bakin shinge. In kuwa abin ya zo da tsautsayi, a ƙofar asibiti ne zai ji abin da aka rubuta.

Ba zancen masu taurin kai muke yi ba, waɗanda da gangan suka ƙi biyan asiransi, abin da maƙwabtanmu na kudu ke kira inshora, suna taƙama da sanin hanyoyin bayan gari. Waɗannan tsakaninsu da hukuma ne. Zancenmu na yau a kan mutumin kirki ne, wanda ya shekara da shekaru yana biya, rana ɗaya ya duba ya tarar takardarsa ta mutu tun kwana goma ko tun wata guda, alhali kuwa duk kwanakin nan yana ta kai yara lakol, yana zuwa biro, har ma ya je ɗaurin aure Madawa ya komo. Irinsa suna da yawa, kuma mantuwa ba abin kunya ba ce. Abin da ke raba mai hankali da wanda zai jefa kansa cikin wahala shi ne abin da zai yi a sa'ar da ya gane.

Kafin nan, yana da kyau a san ta inda ɓarakar ke shigowa, domin ba mantuwa kaɗai ke kawo ta ba. Saboda ƙarancin kuɗi, jama'a da yawa ba sa yankar asiransin shekara. Na wata ɗaya ko na wata 3 suke saye, kuma wanda ke da ranaku 4 ko 12 na tunawa a shekara ya fi mai rana guda saurin tuntuɓe. Wani kuma ya ba direbansa ko wani ɗan kamasho na tasha kuɗi ya ce a sabunta masa, bai nemi rasit ba, bai duba takardar da aka kawo ba. Ta yiwu kuɗin ba su taɓa isa kamfani ba. Wani ya biya da cak, cak ɗin ya komo babu kuɗi a banki: a nan doka ta ba shi kwana 8 na aiki daga ranar da takardar gargaɗi ta same shi, in bai gyara ba yarjejeniya ta warware da kanta.

Akwai wata hanya da ta fi waɗannan duka yaudara, kuma mutane ƙalilan ne suka san ta. Mutum ya sayi mota a hannun wani, mai sayarwa ya nuna masa gilashi ya ce: ga asiransi nan, da sauran wata 7, na bar maka kyauta. Mai saye ya yi godiya ya tafi da murna. To amma ayar doka ta 41 ta kundin asiransi ta ce idan mota ta canja hannu, asiransinta yana tsayawa da kansa a rana ta 5 bayan cinikin, da ƙarfe 12 na dare, sai fa in an koma wurin kamfanin an daidaita da shi ya maido da yarjejeniyar. In aka yi wata 6 ba a yi haka ba, ta mutu ke nan har abada. Takardar tana nan a gilashi, ranar da ke kanta ba ta cika ba, mai duba ta a hanya yana iya ɗaga hannu ya ce a wuce, amma ranar hatsari kamfani zai tambayi sunan mai mota da ranar da aka yi ciniki.

Wannan kundi da muke ambato shi ne na ƙungiyar CIMA, wadda aka rattaba hannu kan yarjejeniyarta a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, Nijar na cikin masu sa hannu, kundin kuma ya soma aiki a 1995. Ƙasashe 14 ne ke bin sa, cikinsu har da maƙwabtanmu Benin, Burkina Faso, Mali da Cadi. Nijeriya ba ta ciki. Ayarsa ta 200 ita ce ta wajabta wa duk mai abin hawa mai inji ya yi asiransin ɓarnar da zai iya yi wa wani, ko a jikinsa ko a dukiyarsa. Mai babur ma yana ciki, ko da yake da yawa daga masu kabu-kabu sun ɗauka abin na masu ƙafa huɗu ne kaɗai.

Yanzu ga inda dattawan direbobi ke ruɗar na baya, ba da mugun nufi ba. Za ka ji ana cewa: kada ka damu, kamfani yana ɗaga ƙafa, akwai wata guda na alfarma. Maganar tana da asali. A tsohon tsarin aya ta 13, idan lokacin biya ya yi mutum bai biya ba cikin kwana 10, kamfani ba ya da ikon janye kariyarsa sai ya aika masa da takardar gargaɗi, sannan ya jira kwana 30. A wancan zamani ana yankar asiransi bashi, a karɓi takarda yau a biya bayan kaka. Abin da ya haifar kowa ya gani: bashi ya taru wa kamfanoni a hannun jama'a, su kuma suka riƙa jan ƙafa wajen biyan waɗanda hatsari ya rutsa da su. Saboda haka ministocin ƙasashen ƙungiyar suka sake ayar a taronsu na Injamena cikin watan Afrilu 2011, sabon tsarin ya soma aiki ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara. Tun daga ranar, yarjejeniya ba ta aiki sai kuɗi sun shiga, kuma an hana kamfani yanka ko sabunta asiransin da ba a biya ba. An bar wata ƴar ƙofa ta jinkirin kwana 60 ga manyan yarjejeniyoyi masu kuɗi da yawa, amma an fitar da asiransin mota daga cikinta da sunansa. Watan alfarma ya tafi tun 2011. Wanda ya dogara da shi yau ya jingina da bangon da aka rushe.

Ma'anar haka a fili take. Ranar da ke kan takarda, da sa'ar da ke cikin yarjejeniya, su ne iyaka. Kafin sa'ar, kamfani ne ke bayanka. Bayanta, kai kaɗai ne, da albashinka, da gidanka, da gonar gado.

Mutane suna auna wannan al'amari da kuɗin tara, shi ya sa suke raina shi. Gaskiya ne, wanda aka kama ba asiransi zai biya tara, kuma ana iya tsare motarsa sai ya kawo takarda. Wannan ɓacin rana ne kawai, ana mantawa da shi kafin mako ya zagayo. Babban abin yana wani wuri. A duba yadda doka ta tsara kare wanda aka buge. Idan direba ya yi hatsari ba shi da farmi, amma asiransin motar na da rai, aya ta 210 ta hana kamfani ya fake da rashin farmin ya ƙi biyan wanda aka raunata: zai biya shi tukuna, daga baya ya bi mai laifi ya karɓi kuɗinsa. Wato doka ta toshe wa kamfani ƙofofin gudu da yawa saboda talakan da ke tafiya a gefen hanya. Amma ba ta iya tilasta masa biya a kan yarjejeniyar da babu ita. Rashin farmi laifi ne babba, amma bai hana wanda aka buge samun hakkinsa ba. Mutuwar asiransi ta kwana ɗaya tak tana iya hana shi.

Hakkin nan kuwa ba ƙarami ba ne. Kundin ya lissafa shi dalla-dalla: kuɗin magani da na asibiti, kwanakin da mutum ya yi bai iya neman abincinsa ba, naƙasar da ta zauna masa, azabar da ya sha, ladan wanda zai riƙa kula da shi in ya kasa kula da kansa, in kuma rai ya fita, kuɗin jana'iza, da abin da matansa da ƴaƴansa suka rasa na ci da sha, da raɗaɗin rashin. Yawancin waɗannan ana auna su ne da mafi ƙanƙantar albashi na ƙasa. Kada kuma mai mota ya ce ai shi ne ya faɗo mini kan hanya. Aya ta 228 ta ce wanda ba shi ke tuƙi ba, mai tafiya ƙasa ne ko fasinja, ana biyan sa raunin jikinsa ko da ya yi sakaci, sai fa in da gangan ya nemi abin ya same shi. Duk wanda ya taɓa ratsa garuruwan da ke kan babbar hanya tsakanin Dogon Dutsi da Konni ranar kasuwa, ya ga yara masu talla da amalanke da tsofaffi suna tsallaka kwalta, ya san cewa ba sai mugun direba ne ke buge mutum ba.

To, mutum ya duba ya ga takardarsa ta mutu. Me zai yi?

Ya ajiye motar. Wannan ita ce shawarar da ta fi kowace sauƙin faɗi, ita ce kuma aka fi ƙi. Zuciya za ta ce masa: kwana 20 ka yi kana yawo ba abin da ya faru, tafiyar minti 10 zuwa ofishin kamfani me za ta yi? Amma kwana 20 ɗin nan cikin rashin sani ya yi su. Minti 10 ɗin kuwa da saninsa zai yi, kuma ko a gaban alƙali ko a gaban lamirinsa, biyun ba ɗaya ba ne. Ya bar ta inda take, ya shiga taksi ko ya taka da ƙafa, da kartigiris da farmi da tsohuwar takarda a hannu. In ranar Asabar ce da yamma kuma ofisoshi sun rufe, motar ta kwana biyu a gida. In a kan hanya ya gane, tsakanin Maradi da Damagaram, ya tsaya a gari na farko ya nemi wakilin kamfani, ko ya buga waya a yanka masa. Ɗaurin auren da zai rasa ba zai fasa ɗauruwa ba.

A ofishin, ya biya a hannun kamfani ko wakilin da kamfani ya amince da shi, ya karɓi rasit, sannan kafin ya tashi daga kujera ya karanta abu 3 da idonsa, ko ya sa a karanta masa: lambar motar, ranar somawa da sa'arta, ranar ƙarewa. Kada ya ɗauka cewa da ya miƙa kuɗi kariya ta soma. Abin da aka rubuta shi ne abin da za a bi. Idan an tambaye shi ko wani abu ya sami motar cikin kwanakin giɓin, ya faɗi gaskiya. In kamfaninsa na yi masa rangwame saboda ya daɗe bai yi hatsari ba, ya tambaya ko giɓin ya taɓa rangwamen. Tambaya ba ta cin kuɗi. In kuma yana da hali, ya yanki na shekara: na gajeren lokaci ya fi tsada idan aka tara shi, ga kuma yawan ranakun tunawa.

Sabon asiransi yana kallon gaba ne kawai. Kwanakin da suka wuce ba a sayen su, kuma a nan ne jarrabawa take. Wanda hatsari ya same shi cikin giɓin ba zai rasa mai ba shi shawara ba, tun motar ba ta huce ba: akwai wanda na sani, zai yanka maka takarda ya sa ranar shekaranjiya. Muna gargaɗi da babbar murya, kada a kusanci wannan. Jandarma sun rubuta rana da sa'ar hatsari a rahotonsu, asibiti ya rubuta sa'ar da aka kawo mai rauni, kamfani yana da rajistar lambobin takardunsa bi da bi da ranar da kuɗi suka shiga. Ko da ma ba a gano ta nan ba, aya ta 18 ta ce wanda ya ɓoye gaskiya ko ya yi ƙarya da gangan don ya ruɗi kamfani, yarjejeniyarsa ɓatacciya ce, kuɗin da ya biya kuma ba a maido masa. Wanda da safe laifinsa mantuwa ce, da yamma ya zama mai takardar jabu, kuma wannan shari'a ce ta gidan kaso, shi da wanda ya yanka masa. Mai rauni kuwa yana kwance yana jiran kuɗin da ba za su zo ba, an ɓata masa watannin da da an yi amfani da su wajen nema masa magani.

Abin da ya rage wa irin wannan mutum ba shi da daɗi, amma a miƙe yake. Ya kai mai rauni asibiti, ya bari hukuma ta yi aikinta na awo da rahoto, ya faɗi halin da takardarsa ke ciki. Ya duba yarjejeniyarsa da kyau, domin idan irin wadda ke sabunta kanta ce kowace shekara, aya ta 14 ta ɗora wa kamfani aika masa da sanarwa aƙalla kwana 45 kafin ranar biya. In ba a aiko ba, yana da abin faɗi, ya kai kukansa a rubuce ga kamfanin da kuma ofishin da ke kula da harkar asiransi a ma'aikatar kuɗi. Ba mu ce wannan zai tayar da matacciyar yarjejeniya ba, amma magana ce da ya cancanci a saurara. Sannan ya shirya ɗaukar nauyin da ya hau kansa, in ya yi sulhu da dangin mai rauni a rubuta shi a gaban shaidu.

A nan dole mu taɓo wata ɗabi'a tamu. Idan aka buge mutum a ƙauye, sau da yawa dattawan gidan sukan ce: Allah ne ya kawo, mun yafe. Halin girma ne, ba ma kushe shi. Amma mai mota da ya sa wannan yafiya cikin lissafinsa tun kafin ya tayar da inji, ya ci amanar mutanen kirki. Sau nawa ake tambayar matar mamacin, wadda za ta ciyar da marayu 5, kafin a yafe da sunanta? Musulunci da kansa ya ɗora diyya a kan kisan kuskure, ya kuma raba nauyinta a kan dangin wanda ya yi kisan don kada ta karya mutum guda, kada kuma jinin ya tafi a banza. Yafewa tana da daraja ne idan hakkin yana nan a ajiye, mai shi ya ga dama ya bari. Wanda ya yafe don ya san ko ya nema babu abin da zai samu, tilas ce aka yi masa.

Wani zai ce ai kundin ya tanadi asusu na musamman domin waɗanda motar da ba ta da asiransi ta buge, ko wadda ta gudu ba a gane ta ba. Haka ne, aya ta 600 ta ce kowace ƙasa ta kafa irinsa. Sai dai an yi shi ne domin mai rauni, raunin jiki kaɗai yake dubawa, yana da iyakar abin da yake biya, kuma ba ya wanke mai mota daga bashin. Motar wani da ka lotsa, shagon da ka rusa, shanun da ka kashe, duk suna wuyanka.

Ba za mu ɗora kayan duka a kan masu motoci ba. Tun da aka daina asiransi bashi a 2011, kamfanoni sun samu abin da suka nema: kuɗinsu a hannu kafin su ɗauki nauyin kowa. Ya kamata jama'a su ga abin da suka samu su ma. Yarjejeniyoyin mota da yawa masu ƙayyadadden lokaci ne, suna mutuwa da kansu ba tare da wata sanarwa ba, kuma ko inda doka ta ce a aika da wasiƙa, mutum nawa ne a Tasawa ko Ilela ke da akwatin gidan waya? Amma kusan kowane mai mota yana da wayar salula, kuma lambarta tana rubuce a fayil ɗinsa. Kamfanin da ya iya nemo mutum lokacin da yake son kuɗinsa, ya iya aika masa da saƙo mako 2 kafin ranar, ya sake aikawa ana jibi. Saƙon kuma ya zo da harshen da mutumin ke ji. Yarjejeniyar duka da Faransanci take, cikin ƙananan baƙaƙe, da kalmomin da ko wanda ya yi lakol sai ya nemi ƙamus. Direban kamiyon da ke ɗaukar albasa daga Galmi bai san me aya ta 41 ta ce ba, kuma ba laifinsa ba ne. Shafi guda da Hausa, da Zabarmanci, da sauran harsunan ƙasa, mai bayyana ranar mutuwar takarda, da hukuncin sayen mota a hannu, da kwana 5 na aiki da doka ta ba mutum aƙalla don ya sanar da hatsari, ba zai karya kowane kamfani ba.

Ƙungiyoyin masu sufuri ma suna da abin yi. A kowace tasha akwai littafin da ake rubuta layin motoci, wace ta yi lodi, wace ke bi mata. A ƙara masa gurbi ɗaya na ranar ƙarewar asiransi, shugaban layi ya riƙa dubawa kowace safiya, motar da takardarta ta mutu kada a yi mata lodi sai ta kawo sabuwa. Fasinja 18 da ke shiga motar Tawa ba su da hanyar sanin ko wani kamfani ya ɗauki nauyinsu. Wanda ke karɓar kuɗinsu yana da ita. Ma'aikatar kuɗi kuwa, da ke da ikon sa ido a kan kamfanonin, ita ce za ta iya mayar da saƙon tunatarwa wajibi a kan kowace yarjejeniyar mota, doguwa ko gajera, ta kuma sa a riƙa buga wa mai saye ranar ƙarewa da manyan lambobi a fuskar takardar da ke kallon direba, ba wadda ke kallon jandarma kaɗai ba.